Akwatuna sun cika min sikirin in ina ɗaukar hoton biki, ya zan yi kyamara ta haɗa su waje ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, kace da Sony A7 III kake aiki, in kazo ɗaukar amarya da ƙawayenta ko dangi suka jeru sai ƙananan akwatuna su cika maka sikirin, wannan ya fito wancan ya ɓace, farin akwatin da ke cikinsu yana ta tsalle daga wannan fuskar zuwa waccan, in ka koma sutudiyo ka buɗe a kwamfuta sai ka tarar wata ƙawa can gefe ta fito tar ita kuma amarya dishi-dishi, shine kake tambaya ko akwai saitin da zai tattara mutanen gaba ɗaya cikin akwati guda, idonka ya huta kuma kowa ya fito.

Toh abu biyu ka haɗa a tambayar nan kuma gara mu raba su tun yanzu, don wanda bai raba su ba zai daɗe yana zargin kyamararsa a banza. Akwatunan da kake gani don idonka aka zana su, kyamara ce take gaya maka ga waɗanda na gani, ga kuma wanda na zaɓa. Shi kuwa lens, wato gilashin gaban kyamara, babu ruwansa da yawan akwati, nisa ɗaya tak yake iya tsayawa a kai a lokaci guda. Ko da za'a zagaye mutum ashirin da ƙaton akwati ɗaya, lens ɗin nan ko dai ya tsaya a mita 3 ko a mita 4, ba zai tsaya a duka biyun ba. Kenan tattara akwatuna amfaninsa ka gane da wuri wa kyamara ta kama, kuma ba ƙaramin amfani bane a wajen biki inda abu yake wucewa kafin ka ƙifta ido, amma kowa ya fito tar wannan aikin afacha ne, wato faɗin ƙofar da haske yake shiga lens wadda ake saitawa da lambar f, da yadda kai ka jera mutanen da hannunka.

Bari mu fara da yadda akwatin yake samuwa, in ka gane shi sauran zasu zo maka da sauƙi. Kyamara ba kallo ɗaya take yi tace ga mutum ba, bin hoton take lungu-lungu, ƙaramin yanki da babba, kowane waje tana bashi maki, nan yayi kama da fuska sosai, nan kaɗan, nan ko alama. Dabarar da ta fara sa abin yayi saurin da za'a iya amfani dashi kai tsaye wasu masana biyu ne suka fito da ita a 2001, Paul Viola da Michael Jones, kuma abin da take dubawa ba wani mai wuya bane, wajen idanu yafi saman kumatu duhu, karan hanci yafi gefensa haske, irin wannan bambancin haske da duhu dai birjik ana gwada su ɗaya bayan ɗaya. A 2005 Nikon ta saka gano fuska a ƙananan kyamarorinta na Coolpix, Fujifilm ta biyo baya a 2006, daga nan kowa ya ɗauka. Na yanzu sun wuce wannan matakin nesa ba kusa ba, an horar dasu ne da hotunan mutane bila adadin, amma har gobe in babu haske da inuwa a kan fuska babu abin da zasu kama. Ka riƙe wannan don zamu dawo kansa.

Abin da da yawa basu sani ba shine fuska ɗaya tana iya haifar da akwati goma a cikin kan kyamara, wani ya ɗan karkata hagu, wani ya ɗan fi girma, duk sun hau kan juna. Kafin ta nuna maka sai ta tace, ta ɗauki wanda yafi maki, duk wanda ya hau kansa da yawa ta goge shi tace ai mutum ɗaya ne. Wato tattarawar farko an riga an gama ta tun kafin kaga komai a sikirin. Kuma daga nan ne wata matsalar take fitowa, in amarya da aminiyarta suka haɗa kumatu, ko uwa ta rungumo 'yarta fuska ta rufe rabin fuska, sai kaga akwati ɗaya ya cinye ɗayan, kuma ba lallai na amaryar ne zai tsira ba, wanda yafi kallon lens sosai shi yake tsira.

Bayan wannan sai haɗa ido da fuska da kai da gangar jiki a matsayin mutum ɗaya, da kuma binsa daga wannan firam zuwa na gaba kar a ɗauka wani sabo ne ya shigo. Gaskiya a nan ne sababbin kyamarori suka fi taka. A7 III ta fito a 2018, a 2019 Sony ta saki sabuntawar da ta sa tana kama ido da zarar ka danna shota rabi, har da idon dabba, in baka taɓa sabunta taka ba ka duba lambar manhajarta a menu, in bata kai 3 ba ka fara da wannan kafin komai. Amma duk da haka ita fuska take nema. Amarenmu kuma kasan su da kunya, a wajen kamu yawancin lokaci kanta a ƙasa yake ga mayafi ya sauko har goshi, da ta sunkuya akwatinta ya faɗi, kyamara ta koma kan fuskar da take kallonta, wadda kusan kullum ƙawa ce tana dariya. Irin su A7R V da ta fito 2022 suna lissafa tsayuwar jikin mutum, kafaɗa da wuya da kai, ko ya juya baya basa sakinsa da wuri. Ba ina ce maka ka sayar da taka bane, mutane da yawa a garin nan da ita suke ciyar da iyali kuma aikinsu yana kyau, kawai dai kasan inda take da rauni sai ka tare mata.

Launukan akwatin ma magana suke, kuma wannan shine tattarawar da Sony tayi maka a sikirin. Mai launin toka yana nufin naga fuska amma ba ita na zaɓa ba. Fari shine wanda zata yi fokus a kansa in ka danna. Kore ya kama kenan. Akwai kuma wani ja mai sirkin shunayya, wannan fuskar da kayi ma rijista ce amma ba ita ce a gaba ba a wannan lokacin. Kaga kenan duk tarin akwatunan nan guda ɗaya ne kawai ya shafeka, farin. Ka horar da idonka ya daina ƙirga na toka. Canon su wata hanya suka bi wadda ni tafi kwanta min, akwati ɗaya zaka gani da 'yan kibiyoyi a gefensa suna gaya maka akwai wasu fuskokin hagu ko dama, ka tura da babban yatsa ya koma kan na gaba, Nikon ma kusan haka ne nasu ruwan ɗorawa. Sikirin baya cika, kuma kai ne mai zaɓi.

A taka akwai wajen da zaka kashe nuna akwatin fuska gaba ɗaya, yana cikin saitin fuska da ido, kyamara zata ci gaba da ganowa ita kaɗai ba tare da ta zana maka ba. Wasu suna yin haka, ni bana baka shawara a wajen biki, don ka rufe bakin wanda zai gaya maka ya kama ƙawa maimakon amarya, sai ka koma gida zaka sani.

Abin da yafi aiki shine ka rage mata filin da take nema. Yawancin yaran da suke zuwa wajena da wannan kukan in na karɓi kyamarar sai na tarar sun bar wajen fokus a buɗe duk faɗin sikirin, wato sun ce mata ga mutum talatin zaɓi wanda kika ga dama, ita kuma zata zaɓi mafi kusa ko mafi girma ko wanda yafi fuskantarta, bata san wacece amarya ba, bata san wa ya biya kuɗin aiki ba. Ka mayar da shi Zon, wato yanki guda na sikirin, ko ma ɗan ƙaramin akwatin da ake matsarwa, ka ɗora shi inda amarya take, fuskar da ta faɗo cikin wannan yankin ita zata fifita. Ɗan sandan nan na bayan kyamara da ake turawa da babban yatsa don haka aka yi shi, yatsanka ya zauna a kai har ya zama baka ma tunani. Wannan kaɗai yana kashe fiye da rabin matsalarka, musamman lokacin liƙi da mutane suke tasowa ta ko'ina, wani ya gifta ta gabanka da kuɗi a hannu, yara suna kutsowa, mai bidiyo ya shigo da fitilarsa.

Sai rijistar fuska, wadda naga mutane ƙalilan ne suke amfani da ita alhali tana nan a menu tun tuni. Taka tana ɗaukar fuska har 8, kuma zaka iya jera su wa ke gaban wa, sannan ka tabbata ka kunna wajen da yace a fifita waɗanda aka yi ma rijista don in baka kunna ba aikin banza kayi. Canon R5 Mark II da ta fito 2024 tana ɗaukar mutum 10. Amma don Allah kar kace sai ka cika gurbin takwas ɗin nan, in ka saka amarya da ango da iyaye da manyan ƙawaye ka dawo da rigimar da kake gudu, akwatuna masu launi zasu sake cika maka ido. Biyu sun isa, amarya a farko ango a na biyu. Ranar ɗaurin aure da maza ne zalla a masallaci sai ka canza, ango a gaba, in kana so ka ƙara waliyyi ko mahaifin ango.

Lokacin yin rijistar yana da muhimmanci sosai. Kar kayi da fuskar da ka ɗauka ranar hoton kafin biki, ka bari sai mai kwalliya ta gama, an zana gira an saka gashin ido an ɗaura goggoro, sannan ka nemi izini ka tsayar da ita kusa da taga ko inda haske yake, ta kalleka sosai, ka ɗauka. Minti ɗaya ne. In washegari za'a canza kwalliya da ɗauri don dina ka sake yi, don goggoron da ya sauko ya rufe rabin goshi ko sarƙar da aka ɗora a goshi suna canza abin da kyamara ta haddace. Ango ma da hularsa zaka ɗauke shi tunda da ita zai wuni, amma in mai saka baƙin gilashi ne ka roƙe shi ya cire.

Ga wani abu da zaka haɗu dashi in baka riga ka haɗu ba. Yanzu kusan kowane wajen dina akwai ƙaton allo ko bana a bayan kujerar ango da amarya ɗauke da hotonsu, fuskar da ke jikin banar nan ta ninka ta gaske girma, tana kallon lens kai tsaye, bata sunkuyawa bata ƙiftawa, haske kuma ya zauna mata daidai. Kyamara bata bambance fuskar takarda da ta mutum, kuma in kayi rijistar amarya abin ma yafi muni don ta jikin banar ma ai amaryar ce. Sai kaga farin akwati ya haye can sama ya zauna, su kuma na gasken da suke zaune mita ɗaya ko biyu a gaba sun fita daga fokus. Maganinsa Zon ɗin nan dai, ka sauko dashi ƙasa inda suke zaune yadda banar bata shiga yankin ba, ko ka canza tsayuwa ka koma gefe. Haka kalandar biki da ake rabawa, da hoton da ke jikin jaka ko kofi in wani ya ɗaga shi kusa da kai.

Yanzu mu koma maganar haske da nace ka riƙe. Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da suke gwada kyamarorin nan a YouTube, shi yasa zaka ga a bidiyonsu akwati ya manne a ido ko motsi baya yi, kai kuma naka yana rawa. A 2018 wasu mata biyu masu bincike, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku masu duba fuska su faɗi namiji ne ko mace, kuskuren a kan maza farar fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙar fata kuwa ya kai har kashi 34.7. Ba kyamarar hoto suka gwada ba, amma tushen ɗaya ne, abin da aka horar da na'ura dashi shi tafi ganewa. An gyara abubuwa da yawa daga lokacin zuwa yanzu, sai dai ɓangaren da yake hannunka shine haske. Ka ɗauki ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, rana a tsaka, kowa cikin farar shadda ko gezna mai ƙyalli, kyamara tana ganin wannan farin sai ta ɗauka haske yayi yawa ta rage, kaya su fito daidai fuskoki su koma baƙi ƙirin, ga inuwar hula ta sauka a kan idanu. A irin wannan fuskar babu bambancin da zata kama. Ka kunna saitin da yake sa ta auna haske da fuska, ka ƙara mata haske kamar +0.7 zuwa +1 kana lura kar aikin jikin babbar riga ya ƙone, in da hali ka ja mutanen ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya su fuskanci fili. Da kanka zaka ga akwatunan sun daina rawa.

A cikin hol kuma matsalar fitilun DJ ne masu juyawa, ja da shuɗi da kore suna bin fuskar mutane, ga hayaƙin nan da ake saki lokacin shigowar ango da amarya. Sannan akwai wani saiti da yake cutar mutane basu sani ba. In kana aiki da filash ka saita komai da hannu, sikirin zai nuna maka hoton yadda zai kasance babu filash, wato duhu, ita kuma kyamara da abin da take gani kafin ka danna take neman fuska, filash ɗin sai bayan ta gama zaɓi yake tashi. Ka shiga wajen nunin sikirin ka kashe wanda yake sa saitinka ya bayyana a kai, zata haska ma kanta hoton ta ga mutane. In kana da yaro mai riƙe maka fitilar LED ko ƙarama ce yana bin amarya da ita, wallahi yafi maka sabon lens amfani a wannan daren.

Akwai inda zaka haƙura da gano fuska gaba ɗaya. Mace mai niƙabi, amarya cikin lulluɓi ranar kai ta ɗakinta, ko in ka fita hawan sallah, Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, hakimai da 'yan sarki sun naɗa rawani sun ja amawali ya rufe baki da hanci, ido kaɗai ne a waje, ga ƙura ga doki yana tafiya, a gefen titi kuma dubban fuskoki a buɗe suna kallonka. Ita dai 'yan kallo zata kama. A nan ka kashe shi, ka ɗora ƙaramin akwati a kan mahayin, ƙirjin alkyabba ko bakin rawani inda ado yake da yawa, ka barta tana bi. Masu Canon R6 Mark II su kuma tasu tana gane doki, in suka bar ta a kan ta zaɓi nau'in da kanta sai ta iya barin mahayi ta kama kan dokin, gara su gaya mata mutum kawai. Raba abin da ake nema gida-gida, mutum daban dabba daban mota daban, shi ma tattarawa ce, kuma duk lokacin da ka san me kazo ɗauka ka faɗa mata kar ka barta tana canka.

Toh yanzu ɓangaren da yafi damunka, kowa ya fito. Fokus kamar sahun sallah yake, layi ne miƙaƙƙe daga hagu zuwa dama, duk wanda ya daidaita kafaɗa a kan layin ya shiga ko su nawa ne, wanda ya matso gaba ko ya ja baya ya fita. Kaurin layin kuma kai ke saita shi. Ga lissafi a irin kyamararka mai cikakkiyar sensa, wato babban faifan da yake karɓar hoto a ciki: lens mai milimita 85 a afacha f/1.8 kana mita 3 da mutum, abin da zai fito tar bai wuce santimita 13 ba, ko kan mutum ɗaya bai gama rufewa ba. Lens 50 a f/1.8 a wannan nisan kusan santimita 40 ne, layi ɗaya kenan da ƙyar. Ka matse shi zuwa f/5.6 ya zama kamar mita ɗaya da kwata, layi biyu sun shiga. In ka koma lens 35 ka ja baya mita 4 a f/5.6, daga wajen mita biyu da rabi har kusan mita 9 duk ya shiga, dangi kaf. Na san dalilin da yasa kuke son f/1.8, baya yana narkewa hoto yayi kyau a Instagram, kuma masu biki ma shi suke so, amma wannan na amarya ita kaɗai ne ko ita da ango kafaɗa da kafaɗa. Da mutum na uku ya shigo ka fara matsewa.

Sai dai ka sani daga f/1.8 zuwa f/5.6 hasken da yake shiga ya ragu kusan ninki goma, dole ka biya shi ta wani wajen, ko filash ko ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. A7 III bata jin tsoron ISO 1600 ko 3200, ɗan ɗigo-ɗigon da zai fito a hoton yafi maka fuskar gwaggon amarya dishi-dishi sauƙin bayani. Saurin shota kuma kar ya sauka ƙasa da 1/160 na daƙiƙa in mutane ne a tsaye suna motsi.

Jera mutane kuwa bakinka ne zai yi shi. Ƙawaye in suka tsaya na bakin layi kullum matsowa gaba suke, layin ya lanƙwashe ya zagayo ka, ka mayar dasu baya da ladabi, Hajiya ɗan ja baya kaɗan, Anti ki daidaita da ta kusa dake. Na layin baya su matso sosai su saka fuska a tsakanin kafaɗun na gaba, kar a bar fili. In layi biyu ne ka ɗora fokus a na gaba, in uku ne ko huɗu ka ɗora a na biyu, don abin da yake fitowa a bayan inda ka saita yafi na gabansa yawa. A hoton saukar karatu da ɗalibai arba'in suka jeru cikin hijabi iri ɗaya zaka ga akwati 8 ne kawai iyaka, don iya abin da take nunawa kenan, sauran babu akwati, kar hankalinka ya tashi, rashin akwati baya nufin basu fito ba. Ka zaɓi ɗaya a tsakiyar layi na biyu, f/8 in a waje ne, ka ɗauka sau huɗu ko biyar saboda masu ƙiftawa, ka zuƙo hoton a sikirin ka duba na can ƙarshen hagu da na ƙarshen dama kafin ka sallame su.

Wani zai ce maka ai wayata tana fito da kowa ba tare da wannan wahalar ba. Gaskiya ne, amma ba wayon akwati bane, sensar waya ƙarama ce lens ɗinta kuma 'yan milimita ne, shi yasa kusan komai yake shiga fokus da kansa. Abin da Apple ta saka a iPad a 2021 mai bin mutane lokacin kiran bidiyo, in wani ya shigo hoton ya buɗe ya haɗa dashi, wannan kam yana ɗaukar mutanen a matsayin rukuni ɗaya, amma yanka hoto yake daga faffaɗan lens don kowa ya shiga firam, ba fokus yake raba musu ba.

Inda tattara fuskoki yake da daɗi sosai shine bayan biki, ka dawo da hoto dubu biyu uwar amarya tana kira tana son nata ita kaɗai. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana da wannan tun 2015, Google Photos ma a shekarar ya fito. Yadda suke yi shine kowace fuska ana mayar da ita jerin lambobi, wata dabarar da masu binciken Google suka wallafa a 2015 lamba 128 take ba kowace fuska, sai a tara waɗanda lambobinsu suka yi kusa da juna a ce mutum ɗaya ne. Yana rage aiki sosai amma kar ka tura ma kowa ba tare da ka bi da idonka ba. Amarya ɗaya zata iya rabuwa gida uku, ta ranar kamu, ta ranar dina, da ta safiya babu kwalliya, sai ka haɗe su da hannu. 'Yan uwan juna kuma masu kama da suka sha anko ɗaya kuma mai kwalliya ɗaya ta yi musu sai ya zuba su a kwando guda. Hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da rahoto a 2019 da ya nuna yawancin manhajojin gane fuska sun fi yin kuskuren ɗaukar mutum biyu a matsayin ɗaya a kan fuskokin 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas fiye da na Turawa, kenan mu ne ya kamata mu fi kowa dubawa.

Kuma a nan nake jin tsoro, don a garin nan hoton mace ba abin wasa bane. Yanzu an fara yayin manna wata lamba a wajen biki, ka haska da waya ka ɗauki fuskarka ya fito maka da duk hotunan da kake ciki. Ka tuna an bar ka ka shiga wajen kamu ne cikin mata saboda yarda, akwai matan aure da suka sauke mayafi don suna ganin cikin 'yan uwansu suke, in manhaja ta yi kuskure ta tura hoton matar wani zuwa wayar wani, ko wani ya haska hoton wata ya kwashe nata, kai za'a nema ba kamfanin ba. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ma ta saka bayanan halittar jikin mutum da ake gane shi dasu, irin su fuska, cikin masu tsauri. Ni dai in zan tattara a kwamfutar sutudiyo nake yi, bana ɗora fuskokin mutane a intanet sai masu biki sun sani sun yarda, hotunan ɓangaren mata kuma hannun amarya ko mahaifiyarta kawai suke zuwa.

Fuskar da kayi ma rijista a cikin kyamara ma in an gama biki ka goge ta. Sony da kansu sun rubuta cewa in ka goge ɗaya-ɗaya bayanan fuskar suna nan a ciki, sai ka zaɓi goge duka sannan suke fita, ka riƙa yin wannan musamman in kana bada hayar kyamara ko zaka kaita gyara, kuma ka samu gurbin a share kafin amaryar sati mai zuwa.